Kunnen Hagu na Roscoe

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta Toledo a shekarun nan ya san yadda 'ya'yan gidan Cofield suke jeruwa in za su yi waƙa. Roscoe a ƙarshen hagu, Earline a damansa kafaɗa da kafaɗa, sai Vernell, sai autarsu Dot. Haka suke tsayawa a coci, haka a wurin biki, haka a gasar waƙa ta ranar Asabar da suka ci sau huɗu a jere har aka roƙe su su bar wa 'ya'yan wasu. Mu dai mun ɗauka tsari ne na shekaru ko na tsawo. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa Earline ce babba, Vernell kuma ta fi kowa tsawo.

Gaskiyar maganar ita ce kunnen Roscoe na hagu ya mutu. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga masana'antar da ake buga ƙofofin mota, aka tsayar da shi gefen wani inji da ke faɗowa ta hagunsa tun safe har la'asar. Shekara uku ya yi a wurin, wata rana ya kwanta a kan kunnen dama agogo ya buga bai ji ba. Ya ci gaba da zuwa aiki bai gaya wa kowa ba, don ya ga yadda aka yi da wani dattijo da aka gano ba ya ji: tsintsiya aka miƙa masa, yaran da ya koya wa aiki suna yi masa magana da hannu suna dariya.

Earline ce ta gano, don ba abin da ke wuce ta a gidan nan. Babansu ya rasu tun Dot tana rarrafe, Mama Odessa ta bi shi Earline tana da ashirin da biyu, tun daga nan ita ce uwa ita ce uba, ga aikin wankin kayan asibiti. Ta lura ƙanin nata ya fara juya kai in ana magana, ta tsare shi a kicin wata Lahadi bayan an taso daga coci. Bai musa ba. Ya tashi ya ɗauko Littafi Mai Tsarki na Mama, wanda sunayensu da ranakun haihuwarsu ke rubuce a bangonsa, ya ajiye a kan tebur.

"Ku ɗora hannu ku uku," ya ce. "Ba fasto, ba saurayi, ba kowa. Ranar da aka sani ba mai ƙara jin muryata, kunnena za a riƙa kallo."

Suka ɗora, suka rantse. Earline ta rantse da zuciya ɗaya, don a lokacin ba ta ga abin da ɓoyewar za ta ci musu ba.

Wani abu kuma da ya kamata a sani shi ne yadda Mama ta koya musu waƙa. Ba ta taɓa ba Roscoe nasa layin ba. 'Yan matan takan rera wa kowace nata har ta riƙe, shi kuwa sai ta nuna shi da cokalin girki ta ce, "Kai saurari yayarka, ka kwanta a ƙarƙashin muryarta." Haka ya tashi. In Earline ta hau ya bi ta daga ƙasa, in ta karya ya karya, har ba ka iya gane inda tata ta ƙare tasa ta fara. Wannan haɗin shi ne abin da ke sa tsofaffin mata tashi tsaye a coci suna kaɗa hankici. Amma ka ce masa ya rera nasa shi kaɗai, sai ya tsaya yana kallonka, don shi a wurinsa babu wani nasa.

Daga coci suka koma waƙar sol, wadda in an cire mata kwalliya waƙar coci ce aka sauya sunan wanda ake kira. Wasu dattawa suka daina gaishe su, Earline ta ce Allah ya ba su haƙuri, ta ci gaba da neman musu wurin wasa. Shekara biyar suna yawo a tsohuwar motar Roscoe, Detroit yau, Cleveland jibi, da kayan da Vernell ta ɗinka a keken Mama, ranar Litinin kuma kowa ya koma bakin aikinsa ido jajir. Da kiɗan disko ya shigo gari, wasu mawaƙan suka taɓe baki suka ce kiɗan inji ne. Earline ta tsaya a bakin wani filin rawa ta ƙirga kawuna, ta dawo gida ta ce su ma shi za su yi. Ita ta rubuta "Takalmin Asabar", waƙar wata yarinya mai aikin wanki da ke ɓoye takalmi ɗaya a ƙarƙashin gado ba ta sa shi sai ranar rawa. Ba sai an gaya maka wace yarinya ce ba.

A wani wasa a Cleveland ne wani furodusa mai suna Mista Prewitt ya ji su. Gajere ne mai ƙaton tabarau, ba ya dariya sai in waƙa ta yi masa daɗi, shi ya sa ba a cika ganin haƙoransa ba. Ya ba su kwana biyu a ɗakin ɗaukar waƙa a Philadelphia, a farkon shekarar 1976.

Suka isa ranar Talata da safe sanyi kamar ya tsaga fata. Suna shiga suka jeru gaban makirfo ɗaya kamar yadda suka saba, Mista Prewitt ya leƙo ta gilashin da ya raba ɗakinsa da nasu ya girgiza kai.

"Nan ba coci ba ne," ya ce. "Makaɗa sun gama nasu tun makon jiya. Ɗaya bayan ɗaya za ku shiga, kowa ya sa abin kunne ya bi abin da yake ji. Ni zan haɗa ku daga baya."

Earline ta fara, ta gama kafin azahar. Vernell ta bi, Dot ta bi a tsorace, amma ta yi. Da aka mayar musu muryoyin uku a kan kiɗan, ganga na dukan ƙirji, goge na shawagi a sama, Vernell ta riƙe baki ta ce, "Yaya, mu ne kuwa? Ni na rantse na ji muryar masu kuɗi."

Sai aka kira Roscoe. Ya kifa abin sauraron a kunnuwansa, aka saki kiɗa, ya buɗe baki, abin da ya fito ya sa Dot ta sunkuyar da kai. Yana kan bugun ganga daidai, amma muryar tana yawo, tana lalube kamar mai neman ashana a ɗaki mai duhu. Aka sake. Aka sake. A karo na biyar Earline ta ga ya faki ido ya juya abin kunnen, na hagu ya koma dama. Nan take muryar ta sami wurin zamanta, ta kwanta ƙarƙashin tata kamar kullum, sai dai kuma ya saki bugun, yana shiga a makare yana fita a makare.

Earline ta ɗauki wani abin kunnen da ke rataye ta saurara, ta gane. Al'adar injiniyan wurin ce ya zuba kiɗa a kunnen dama, muryoyi a na hagu, don mawaƙi ya ji kowanne a rarrabe. Mai kunne biyu zai ji daɗin haka. Roscoe kuwa sai dai ya zaɓa, ko ya ji ganga ko ya ji 'yan'uwansa. Ta dube shi ta gilashi, ya dube ta, ya girgiza kai kaɗan yadda ita kaɗai za ta gani.

Washegari ma haka aka yi tun safe. Wajen sha ɗaya Mista Prewitt ya kira Earline waje, ya cire tabarau yana goge su da gefen riga.

"Ban san me ya sami ƙaninki ba. A Cleveland na ji shi da kunnena, shi ya sa ma na kira ku. Amma wasu haka suke, a gaban jama'a zakuna, a ɗaki kuma ba komai. Akwai mutumin da nake kira in irin wannan ta taso, ƙarfe uku zai zo, rabin awa ya gama. Kamfani zai sa hannu da ku uku. 'Yan mata uku ma sun fi sauƙin sayarwa."

"Yallaɓai, mu huɗu ne."

"Na iya ƙirga, Malama Cofield. Ki kawo min na huɗun kafin ƙarfe uku, in ba haka ba ku uku ne."

Ta sami Roscoe a wani ɗan gidan abinci da ke tsallaken titi, ya tasa burodi da nama a gaba bai taɓa ba. Ta zauna a damansa, don ta daɗe da daina zama ta ɗaya gefen.

"Kalma ɗaya ce," ta ce. "Ka gaya wa yaron nan injiniya ya zuba maka duka a kunne ɗaya. Ko ka sake ni in faɗa."

"A'a."

"Roscoe, ƙarfe uku za su kawo wani."

"Su kawo. Ku yi abinku, Yaya, ba na baƙin ciki. Litinin ina bakin aikina."

"Ka koma ka ƙarasa ɗaya kunnen ke nan?"

Ya juya kofin kofi a kan tebur. Can ya ce, "Gara a ce ban iya ba a kan a ce Allah sarki. Kin san yadda mutanen nan suke. Yau su gyara min abin kunne, gobe a ce kurma ne ke musu waƙa, a sa a jarida, mata su riƙa tafa min don tausayi. Ni ba abin sadaka ba ne."

"Kai dai girman kai ne ke damunka, irin na Baba."

"Ko ma na wane ne. Kin ɗora hannu a littafin Mama."

Ya faɗi haka ne don ya san nan ne inda za ta ji zafi, ta kuwa ji. Earline mace ce da ko alkawarin kawo wa maƙwabciya gishiri ba ta saɓawa. Ta fito ta tsaya a bakin titi cikin sanyin nan, hawaye na zubo mata na baƙin ciki da na haushi a haɗe. Ta san in ta yi shiru za a yi faifan, wataƙila ma ya karɓu, ita da ƙannenta mata su bar wanki da shara, Roscoe kuma ya koma gefen injin nan har ranar da agogo zai buga bai ji da kowane kunne ba. In ta yi magana kuma ta karya rantsuwa a kan littafin uwarta, kuma ta san halin ƙanin nata, ba mai mantuwa ba ne. Ni da na san su duka biyun zan ce ba wanda ya fi wani taurin kai, ita dai ta riga shi zuwa duniya ne.

Abu ɗaya ta yanke: ba za ta yi a bayan idonsa ba. Ta jira har ya dawo, ƙarfe biyu saura, kowa yana ɗakin Mista Prewitt, Vernell da Dot a kan doguwar kujera, injiniyan yana cin gyaɗa. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin.

"Yallaɓai, ƙanina ba ya ji da kunnen hagu. Injin masana'anta ne ya kashe shi, shekara shida ke nan. Ku zuba masa kiɗa da muryoyinmu a dama, ku ji abin da kuka ji a Cleveland."

Dot ta rufe fuska da tafin hannu. Roscoe yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu, bai motsa ba.

Injiniyan ya haɗiye gyaɗarsa ya ce, "Au, shi ke nan? Ai da kun faɗa tun jiya." Ya miƙa hannu ya murɗa wani ɗan maɓalli. "Na gama."

Wannan saurin ya fi komai ƙona wa Roscoe rai. Shekara shida yana ɗauke da abu a ƙirji, wani yaro ya sauke shi da yatsa biyu yana tauna.

Mista Prewitt bai ce Allah sarki ba, a nan kam na yaba masa. Ya dubi agogo ya ce, "Saura awa ɗaya da kwata, Malam Cofield. Za ka shiga ko in bar mutumina ya zo?"

Roscoe ya ajiye hular, ya shiga, ya juya wa gilashin baya. Aka saki kiɗa. Sau biyu ya rera, na biyun ma don Mista Prewitt yana son ƙara ji ne kawai. Duk fushin da ke cinsa ya zuba a ciki, muryar ta fito da nauyi da ɗumi, ta tallafe ta Earline yadda ba ta taɓa yi ba. Duk wanda ya taɓa rawa da "Takalmin Asabar" ya san wurin da nake nufi, inda ganga ke ɗaukewa a bar muryoyi biyu kaɗai. Mista Prewitt ya yi dariya har ana ganin dasashinsa, ya ɗauki waya ya sallami mutuminsa.

Roscoe ya fito ya ɗauki hularsa ya wuce ta gaban Earline kamar babu mutum a wurin. A hanyar komawa Toledo, tafiyar wuni guda, bai ce mata uffan ba.

Faifan ya fito a watan Maris. Gidan rediyon Detroit ne ya fara sa shi, kafin wata guda ba filin rawar da za ka shiga ba ka ji shi ba, har masu wankin mota suna rera shi da fito. A layinmu Misis Tolbert, wadda ta daina amsa gaisuwarsu shekara biyar, ta fara gaya wa baƙi ita ce ta fara jin baiwar yaran tun suna ƙanana. Earline ta ajiye aikin wanki a watan Mayu, Roscoe ya miƙa katinsa na masana'anta a Yuni. Aka ba su doguwar mota da direba, aka ɗinka musu kaya masu walƙiya da faffaɗan ƙafar wando, Vernell ta juya ɗinkin ta duba ta ce ko makaho ya fi wannan tela. Waƙar ta yi ta hawa mako bayan mako har ta shiga goma na farko a ƙasar.

Duk wannan ana yi gaba tana nan daram. A mota Roscoe yakan zauna a can baya. In yana da magana sai ya ce da Dot, "Gaya wa yayarki ƙarfe huɗu ne gwaji," alhali Earline tana zaune taku biyu daga shi. Ranar zagayowar haihuwarta ya ba Vernell kuɗin kek, bai zo yanka shi ba. Amma da an ɗaga labule zai zo ya tsaya a wurinsa, kafaɗarsa na gogar tata, ya bi muryarta sawu da ƙafa na awa biyu cur, in an sauke ya kama gabansa.

Abin yana cin Earline, har ta rame cikin kayan walƙiyar nan. Wata rana Vernell tana gyara mata gashi ta ce, "Yaya, ki ba shi haƙuri mana, ko na baki ne. Na gaji da zama ɗan aike, ga shi ba a biyana."

"In ce masa me? In ce na yi nadama? Ƙarya ce. Na roƙi Allah gafara, na je kabarin Mama na gaya mata da bakina. Amma in aka mayar da ni ɗakin nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa."

"To ku biyun sai Allah."

A watan Satumba aka gayyace su Los Angeles, shirin rawa na talabijin da duk ƙasar ke kallo ranar Asabar. Da rana ake ɗauka, cikin wani ƙaton ɗaki mai fitilu da suka sa kwalliyar Dot ta fara narkewa. Akwai masu rawa sun fi hamsin, ga masu kyamara, ga masu jan waya. Suka hau dandamali suka jeru. Mai tsara shirin, wata doguwar mata da fensir a gashinta, ta ja baya ta ƙare musu kallo ta ce bai yi ba.

"Namijin ya koma can ƙarshen dama. Kyamarata ta biyu tana nan, ina son in faro daga babbar in ƙare a kansa. Yi sauri, saura minti goma."

A ƙarshen dama mataccen kunnen ne zai fuskanci 'yan'uwansa. Muryoyin kuma a nan take za a ɗauka, gaban mutanen ƙasa baki ɗaya. Earline ta dubi Roscoe. Ta san abin da zai biyo baya in ta buɗe baki a gaban wannan taron, wata bakwai ɗin nan za su iya zama shekara bakwai. Ta ja numfashi, ta ɗaga ƙafa za ta matsa gaba.

"Ba na ji da wannan kunnen," Roscoe ya ce. Bai ɗaga murya ba, amma irin muryarsa ba ta buƙatar ɗagawa, har na bayan ɗakin sun juyo. Ya nuna kunnen da yatsa. "Injin masana'anta ne. A nan nake tsayawa. Ki matsar da kyamarar."

Matar ta dube shi, ta dubi kyamarar, ta zaro fensirin ta yi wani rubutu a takardarta, ta ɗaga hannu ta kira mai kyamara ta biyu ya gangaro da ita hagu. Wasu 'yan mata cikin masu rawar suka yi ƙus-ƙus suna kallonsa, ɗaya ta dafe ƙirji irin na tausayi. Ya gan ta sarai. Ya gyara wuyan rigarsa ya ci gaba da kallon gaba.

Aka fara ƙirga daƙiƙu. Ba tare da ya juyo ba ya yi magana ƙasa-ƙasa, karo na farko tun Philadelphia da ya yi da ita kai tsaye.

"Ba yafe miki na yi ba, Earline. Ba na son ki sake faɗar abina a madadina ne."

Bai ce Yaya ba, ta kuma ji rashin kalmar har cikin ƙashinta. Idonta ya cika, ta ƙifta da ƙarfi don kada kwalliya ta ɓaci.

"Ban ce ka yafe ba," ta ce. "Ka dai tsaya a nan. A baiti na biyu zan hau sama fiye da yadda muka saba, ka biyo ni."

"Hau mu gani," ya ce, jar fitilar kyamara ta kama.